Yadda Baƙo Ke Samun Intanet a Libreville

Birnin Libreville, hedikwatar ƙasar Gabon, yana bakin tekun Atlantika. 'Yan kasuwa daga Nijeriya da Nijar da Kamaru sun daɗe suna zuwa fatauci a can, musamman a babbar kasuwar Mont-Bouët. A yau ɗan kasuwa yana bukatar intanet don ya ji farashin kaya, ya aika kuɗi gida, ya kuma gaisa da iyalinsa.

Intanet na shigowa Gabon ne ta manyan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Wayar SAT-3 ta fara aiki a shekarar 2002, ta ACE kuma a 2012, kuma dukansu a Libreville suka sauka. Shi ya sa intanet ya fi ƙarfi a birnin. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kurmi ne, don haka wanda ya nufi ƙauyuka yakan yi tafiya mai nisa wayarsa ba ta kama komai ba.

Hanya mafi sauƙi ga baƙo ita ce ya sayi layin waya na ƙasar, domin amfani da layin gida yana da tsada ƙwarai. Manyan kamfanonin biyu ne: Airtel da Moov Africa. Sai ya je ofishinsu da fasfonsa a yi masa rajista, ya biya da kuɗin sefa. Da Faransanci ake yin cinikin, saboda haka wanda ba ya jin harshen yakan nemi ɗan gari ya raka shi. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Wani lokaci kuma hukuma ce ke rufe intanet. Ranar 26 ga Agusta, 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatin Ali Bongo ta katse shi a duk faɗin ƙasar. Bai dawo ba sai ranar 30 ga watan, bayan sojoji sun karɓi mulki. An taɓa yin haka bayan zaɓen 2016.

Saboda haka matafiyi mai lura ba ya dogara da wayarsa kaɗai. Yakan rubuta lambobin mutanensa a takarda, ya sauke taswirar gari tun kafin ya taso, ya kuma riƙe tsabar kuɗin da za su kai shi 'yan kwanaki.