RAUTAR WAIFAI: A BAR TA A KUNNE DARE DA RANA, KO A RIƘA KASHEWA?



A makon nan mutum uku ne suka turo min tambaya kusan iri ɗaya. Wani ɗan uwa daga Babura ya sayi rauta don ya haɗa kyamara a ɗakin kajinsa, yana tsoron kada barinta a kunne ya ƙona ta. Wata baiwar Allah daga Roni, mai tallar ƙwai ta WhatsApp, ta ce datarta ba ta kai rabin wata, kuma rautar take zargi. Na ukun daga Gwiwa yake, shi kuma an gaya masa wai waifai na hana kaji yin ƙwai. Na ga gara in haɗa su in amsa gaba ɗaya, domin ni ma sai da na yi asara kafin na gane kan abin.

Hunturun da na fara kiwo a bayan garin Kazaure, 'yan tsaki 200 na zuba. Ɗumi da kaskon gawayi nake ba su, haske kuwa daga ƙwan fitila biyu masu cin wutar batir kai tsaye. Sola ce 'yar ƙarama, batir ɗaya. A jikin batirin nan kuma akwai inbata, wadda nake bari a kunne har safe saboda rauta kawai. A dare na huɗu, can wajen ƙarfe uku, batir ya yi ƙasa, kwanturola ta yanke wuta, ɗaki ya yi duhu. 'Yan tsakin suka tattaru a kusurwa ɗaya suna hawa kan juna. Da na dawo daga sallar asuba 14 na kwashe a mace. Abin takaicin, a wannan daren ba wanda ya taɓa intanet ɗin, duk barci muke yi.

Tun daga ranar na daina tambayar ko rauta za ta jure. Tambayoyi biyu nake yi: daga ina take shan wuta, kuma wane aiki take yi min da dare? Amsarsu ce za ta gaya maka ka kashe ko ka bari.

1. BARINTA A KUNNE YANA LALATA TA?

A'a. Rautar da ake jonawa a soket an ƙera ta ne ta yi aiki ba tsayawa. Ba ta da wani inji mai juyawa a ciki da zai gaji. Abubuwan da ke kashe ta a yankinmu uku ne: zafi, ƙura, da wutar da ke hawa da sauka.

A watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a nan, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka. Kada a ɗora ta a kan katifa, kada a lulluɓe ta da ƙyalle don tsoron ƙura, kada a ajiye ta a taga inda rana ke duka. A nema mata wuri mai tsayi da iska ke wucewa.

Sannan don Allah kada a rataye ta a cikin ɗakin kaji. Ƙurar dusar katako da gashin kaji suna toshe 'yan ramukan da take shan iska, iskar amoniya da ke tashi daga kashin kaji kuma tana cin ƙarafan da ke ciki a hankali. Sito ko ɗakin mai gadi ya fi mata.

2. NAWA TAKE CI?

Juya adaftar rautarka ka karanta. Da yawa za ka ga an rubuta 12V 1A, ma'ana iyakar abin da za ta ja wat 12 ne, yawanci ma ba ta kaiwa. Mu ɗauka wat 10. A awa 24 ta ci wat-awa 240 ke nan. Yunit ɗaya na mita wat-awa 1,000 ne, don haka a wata ta ci yunit 7 da ɗan ɗori.

A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit na rukunin Band A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage. Ko da wannan farashin mafi tsada ka lissafa, naira 1,600 da wani abu ne a wata, bai kai kuɗin kiret ɗaya na ƙwai ba. Wanda ke kan wutar gari, kashe rauta da dare ba wani tattali zai yi masa ba.

Mai ƙaramar sola kuwa lissafinsa daban ne, kuma a nan nake so a tsaya a natsu.

Batir mai 12V 100Ah yana riƙe wat-awa 1,200. Idan irin mai ruwa ne ko jel, rabi kawai ake so ka taɓa in kana son ya daɗe, wato 600. To ga yadda daren awa 12 ke cinye su:

Ƙwan fitila biyu masu wat 5: 120
Rauta mai wat 10: 120
Inbata ita kanta: kusan 240

Mutane da yawa ba su san inbata na cin wuta ko ba a jona mata komai ba. Ƙanana da yawa sukan ja tsakanin wat 10 zuwa 25 don kawai suna kunne, ni na lissafa da 20. Jimilla 480 cikin 600. A takarda ya isa. Amma a hunturu hazo na rufe rana, ƙura na kwanciya a kan fanel, batir ba ya cika. In kuma ya shekara yana aiki, ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. Shi ya sa wutata ta ɗauke ƙarfe uku. Fitilun da rayuwar 'yan tsaki ta rataya a kansu kashi ɗaya cikin huɗu kawai suka ci, sauran duk a kan intanet ɗin da ba mai amfani da shi ya tafi.

Masu kifi, ku ma ya shafe ku. Iskar da tarwaɗa ke shaƙa a ruwa ta fi yin ƙasa gab da asuba, musamman a wurin rainon 'ya'yan kifi. Idan injin busa iska da rauta suna kan batir ɗaya, daidai lokacin da ka fi buƙatar injin ne batir zai gaza.

Mafita ita ce ka raba musu hanya. Akwai ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa, mai fitar da 12V kai tsaye, wanda ke caji da rana ya riƙe ta awoyi da dare. Kar ka ɗauko waya ka haɗa rauta da babban batir haka kawai, saboda lokacin caji ƙarfinsa kan haura 14V. Sai da abin daidaita wuta a tsakani, kuma ka bar wa mai gyaran sola ya haɗa maka.

3. MiFi BA ƊAYA TAKE DA RAUTAR SOKET BA

Wannan 'yar ƙaramar ta aljihu mai batir a ciki, ita kam ba a barinta a jikin caji dare da rana. Batirinta irin na waya ne, kuma abu biyu ya fi tsana: zama a cike kullum, da zafi. In suka haɗu sai ya kumbura, har ka ga marfin baya ya ɗago. Da zarar ka ga haka cire shi ka sauya, kada ka danne shi ka ci gaba da caji, ballantana a ɗakin da aka jibge buhunan abinci da dusa.

Wani abin lura: inda sabis ba shi da ƙarfi, na'urar na ƙara ƙoƙari don ta kamo turken sadarwa, sai ta ƙara zafi ta ƙara cin batir. Mutanen da ke bayan duwatsu a Roni da kewayen Kazaure sun san wannan. Ɗaga ta sama, ko matsar da ita ɓangaren da ya fi sabis, yana rage mata wahala. Masu gonaki a ƙauyukan Babura da ke daf da iyakar Nijar, ku tabbata kun kashe romin a saitin na'urar, kada sim ya tsallaka ya kama layin maƙwabta.

4. WA KE SHANYE DATA DA DARE?

Hajiya ta Roni, rautar da kanta abin da take ci kaɗan ne ƙwarai. Wayoyin da ke haɗe da ita ne ke sha. Waya in ta ga waifai, ɗauka take kyauta ne: sai ta shiga sabunta manhajoji, ta tura hotuna ma'ajiyar intanet, ta sauke duk bidiyon da aka watsa a guruf-guruf na WhatsApp. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan ɓarnar ta ƙara ciwo.

Ga abin yi:
• A kowace waya, kashe sauke bidiyo kai tsaye a WhatsApp, da sabunta manhaja kai tsaye.
• Shiga shafin rautar ka ga wayoyi nawa ne a haɗe. Kana iya tarar da baƙin da ba ka gayyata ba.
• Sauya lambar sirrin da ta zo da ita, wadda ke manne a bayanta kowa na gani. Wadda ka taɓa ba yaron shago ko ɗan maƙwabta, ka ɗauka rabin unguwa sun sani.

Idan ba ka da wani aiki da ita da dare, kashe ta ma ya wadatar.

5. MAI KYAMARA FA?

Shi ne mutum ɗaya da na ce ya bar ta a kunne. Ɓarawon kaji ko kifi da dare yake zuwa, kuma in ba intanet, saƙon motsi ba zai shigo wayarka ba. Amma ka sani, kyamarori da yawa suna ci gaba da ɗauka a kan memori ko babu waifai, muddin suna da wuta. Don haka in a gonar kake kwana, ko kana da mai gadi, memori ya ishe ka. In kuwa kana cikin gari gona na daji, bar rauta a kunne, amma da batirinta daban. Kuma ka rage zama kana kallon kaji kai tsaye a waya, nan ne data ke zurarewa.

6. LOKUTAN DA DOLE A ZARE TA DAGA SOKET

• Idan hadari ya haɗu ana walƙiya. Kashe makunni bai isa ba, zare filogin gaba ɗaya. Tsawa na iya biyo wayar wuta ko wayar eriyar da ke waje.
• Idan an ɗauke wuta. Bari a dawo da ita ta zauna minti biyar tukuna, domin a farkon dawowa ne ta fi ƙona adafta.
• Lokacin tayar da janareto da lokacin kashe shi.
• Idan za ka yi tafiyar kwanaki kuma ba kyamara.

Ban da waɗannan, yana da kyau sau ɗaya a mako ka kashe ta na minti ɗaya ka sake kunnawa. Sau da yawa nauyin da intanet ke yi yana warwarewa da haka. Abin da ba shi da amfani shi ne kunna-kashe sau goma a wuni.

7. MAGANAR HANA KAJI ƘWAI

Malam na Gwiwa, kwantar da hankalinka. Ƙarfin da waifai ke watsawa a iska kusan kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ne, wayar da kake karawa a kunne tana iya fin haka. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gamsasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna irin wannan raunanan sigina na cutar da lafiyar mutane. Idan ƙwai ya ragu, duba inda aka saba samun matsala: zafi, ƙarancin ruwan sha, sauya abinci kwatsam, cuta, ko haske. Kajin ƙwai na son hasken kusan awa 16 a rana. Ka ga ke nan rautar da ta shanye batirin fitila tana iya rage maka ƙwai, amma ta hanyar duhu.

YADDA NAKE YI YANZU

Fitilun kaji suna kan babban batir su kaɗai, ba abin da ke raba musu. Inbata nakan kashe ta bayan sallar isha. Rauta tana da ƙaramin batirinta, tana sito a kan kanta. Makonni biyun farko na sabbin 'yan tsaki nakan bar ta ta kwana a kunne, don in leƙa su ta kyamara in na farka. Bayan nan, ƙarfe goma na dare nake kashe ta, in kunna da asuba kafin dillalai su fara turo saƙo.

Kafin ka kwanta yau, je ka karanta abin da aka rubuta a jikin adaftarka da batirinka, ka buga lissafin da muka yi a sama. Wanda lissafin ya rikice masa ya rubuto girman batirinsa da abubuwan da ya jona, in sha Allahu za mu duba tare.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu daga asara.