Kekuna Da Yawa, Kayan Gyara Iri Ɗaya

Duk makaranta ko ofishin da ke da kekuna biyar ko goma, wata rana sai an tambayi mai riƙe da sito, wane irin kaya za a sayo a ɗaura musu? Shawararmu ita ce a zaɓi kayan da za su shiga kowane keke daga cikinsu, don abin da aka ajiye domin ɗaya ya yi wa sauran amfani. Malamin da tayarsa ta fashe a hanyar ƙauye, ba kyan keke zai kai shi aji ba, sai tayar da ta yi daidai da gargarensa.

To, mu fara da taya. Kada akawu ya dogara ga inci kaɗai, gama a nan ake yawan ɓarnar kuɗi. Tsohon keken Raleigh mai tayar inci 28 da kaurin inci ɗaya da rabi, faɗin gargarensa milimita 635 ne. Mai inci 27 kuwa milimita 630 ne. Kekunan tsere na zamani, waɗanda ake rubuta wa 700C, milimita 622 ne, ga shi kuwa a waɗansu ƙasashe su ma inci 28 ake kiransu. Watau ana iya samun tayoyi biyu masu suna ɗaya, amma wannan ba ta hawa gargaren waccan. Saboda haka a duba lambar milimita da ke jikin taya kafin a biya.

Haka bawul yake. Iri uku ne, Dunlop da Schrader da Presta. In an gauraya su, famfo ɗaya ba lalle ya wadatar ba.

Sai sarƙa. Keken da ba shi da giya yana aiki da mai faɗin kashi ɗaya cikin takwas na inci. Mai giya da yawa tasa ta fi sirantaka, kuma gwargwadon yawan giyar, gwargwadon sirantakarta. Manyan masu ƙera waɗannan kaya su ne Shimano na Japan, da Campagnolo na Italiya, da SRAM na Amurka, kuma galibi maɓallin giyar wani ba ya jituwa da kayan wani. In an kama kamfani ɗaya, a tsaya a kansa.

Ga masu tsofaffin kekuna akwai wani tarko. Raleigh da aka ƙera dā a Nottingham ta ƙasar Ingila, zaren mazaunin boris ɗinsa 26 ne a kowane inci, alhali na yawancin sauran kekunan Ingila 24 ne. Wanda ya ɗaura na wani da ƙarfi, ya kashe zaren ke nan.

Muna gargaɗin masu saye da kuɗin jama'a, kada araha ta ruɗe su, gama araha ba ta ado. Kada kuma su sayo abin da mai gyaran keke na kasuwar garinsu ba shi da sifanarsa. Giya 22 ba ta da amfani ga malami in babu mai gyara ta kusa.

A buɗe littafi, kowane keke da shafinsa, a rubuta awon tayarsa, da irin bawul, da irin sarƙa. In akawu ya tashi, wanda ya gaje shi ya tarar da komai a rubuce. Allah ya sa mu riƙe amanar abin da aka ba mu tsaro.