Wasan Ƙanƙara a Ƙasar Sin da Kukan Musulmin Uigur

Jama'a, a watan Fabrairu na 2022 aka yi gasar Olamfik ta wasannin ƙanƙara a Bejin, babban birnin ƙasar Sin. Mu dai ƙanƙara ba ta dame mu ba, amma abin da majalisun dokoki suka tayar game da gasar ya shafe mu, domin maganar 'yan'uwanmu Musulmi ce, watau ƙabilar Uigur ta lardin Shinjiyan, waɗanda yawansu ya haura miliyan 11.

Majalisar Kanada ta fara. Ran 22 ga Fabrairu, 2021, wakilai 266 suka jefa ƙuri'a, ba wanda ya saɓa, cewa abin da ake yi wa Uigur kisan ƙare dangi ne, suka kuma nemi a ɗauke gasar daga Bejin. Majalisun Holan da Ingila suka yanke irin wannan hukunci a shekarar. A watan Disamba Amurka ta ce 'yan wasanta za su je, amma ban da manyan gwamnati. Ingila da Kanada da Ostareliya suka bi sahu. Gwamnatin Sin kuwa ta musa zargin, ta ce wuraren da ake kira sansanin tsare mutane makarantun koyon sana'a ne.

Sai kuma maganar sirri. An wajabta wa mahalarta gasar su sa wata manhaja mai suna MY2022 a wayoyinsu, su riƙa shigar da bayanin lafiyarsu saboda annobar korona. A watan Janairu na 2022 masu bincike na Jami'ar Toronto suka gano ba a tsare ta sosai ba, wani na iya tare bayanin a hanya. Suka kuma tarar da jerin kalmomi 2,442 na tacewa a cikinta, wasu da harshen Uigur, ko da yake ba a kunna shi ba. Ƙasashe da dama kuma sun shawarci 'yan wasansu su bar wayoyinsu a gida.

Abin takaici, a watan Oktoba na 2022, da aka nemi Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattauna batun Shinjiyan, ƙasashe 19 suka ƙi, 17 suka yarda. Cikin masu ƙin har da Pakistan da Indunusiya da Ƙatar.

Ba mu ce majalisun Turawa ba su da tasu manufa ba. Amma Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, wannan hani kuwa bai ware gwamnati ba. Fatakenmu masu zuwa Gwanzu sarin kaya su lura da abin da suke ajiyewa a waya. Wakilanmu kuma, idan irin wannan ƙuri'a ta sake zuwa, su tuna ciniki bai kai ran mutum ba. Allah ya agaji wanda aka zalunta, amin.