Amsoshin Wasiƙunku: Zuwa Aiki Mai Nisa a Kan Keke



Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke zaune a wani ƙauye a yankin Kura ta Jihar Kano. Ya ce shi manomi ne, amma da rani yakan shiga birni kullum yana aikin ɗaukar kaya a wata ma'aikata da ke Sharaɗa, kuma daga ƙofar gidansa zuwa wurin aikin kilomita 20 ne. Kuɗin mota na neman cinye abin da yake samu, don haka yake so ya koma hawan keke. Sai dai abokansa sun ce masa keke zai tsufar da shi, ya sa masa basir, har ma ya rage masa ƙarfin mazakuta. Shi ne yake tambaya: shin abin zai yiwu, ko kuwa ya haƙura?

To malam mai tambaya, mun gode da wasiƙa, kuma ba kai kaɗai ke cikin wannan hali ba. Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tashin gwauron zabi, har ta haura naira 1,000 a wurare da dama cikin 2024. Kuɗin mota ya bi sahu. Shi ya sa ka ga mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunan da suka jingine a zaure.

Amsa a taƙaice ita ce, zai yiwu. Amma ka riƙe wannan magana: keke ba ya shan mai, mai shi yake sha. Abin da ba ka biya a tasha ba, jikinka ne zai biya shi da gumi da lokaci. Saboda haka sai a yi lissafi tun kafin a ɗora ƙafa a kan feda.

Mu fara da lissafin lokaci. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita 5 a awa guda. Mai keke irin namu na gida marar giya, irin su Raleigh da Phoenix, in ba gudu yake yi ba, yakan ci kilomita 12 zuwa 15 a awa. Ke nan kilomita 20 ɗinka za ta ci maka kamar awa ɗaya da rabi, zuwa da dawowa awa 3. In ana shiga aiki ƙarfe 8, sai ka fita da zarar an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa, don ka isa da sauran lokacin da za ka sha iska, ka wanke jiki, ka canja riga. A kwana 6 za ka yi kilomita 240, wato ka ɗara nisan Kano zuwa Kaduna kowane mako. A wata kuwa ka doshi kilomita 1,000. Ka ga wannan ba tafiyar wasa ba ce.

Sai lissafin kuɗi. Mu ƙaddara kana biyan naira 1,000 zuwa, 1,000 dawowa. A kwana 26 na aiki ka kashe naira 52,000, alhali mafi ƙanƙantar albashin da dokar ƙasa ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Kai ka san abin da kake biya, sai ka sa naka adadin a wurin. Amma kada ka ce duka ka tsira da shi. Ka cire kuɗin faci, da taya, da robar birki, da giris, sa'an nan ka cire na ƙarin abinci, domin wanda ya tuƙa keke awa 3 ba zai ƙoshi da kwanon da ya saba ba. Abin da ya rage shi ne ribarka, kuma galibi yakan yi auki.

Yanzu mu koma kan jiki, tun da shi ne injin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Hawan keke na ƙarfafa zuciya, yana taimakawa wajen kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari, kuma bai cika wahalar da gwiwa kamar gudu ba. Don haka maganar tsufa babu ita. Abin da ke karya mutum shi ne ya haɗa tuƙi mai nisa da aikin ƙarfi da ƙarancin abinci da ƙarancin barci. Kai da aikinka ɗaukar kaya ne, ka lura da wannan ƙwarai. Kada ka fara da kwana 6 a jere. Makon farko ka yi kwana 2 ko 3 a keke, sauran ka shiga mota, sa'an nan ka riƙa ƙarawa. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Ko bayan ka saba, ka ware rana guda a mako wadda ba za ka taɓa keken ba.

Kada ka fita da ciki wayam. Koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, ko fura, duk sun isa su kai ka. Ruwa kuwa ya fi abinci muhimmanci. Da bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 a watan Afrilu, mai tuƙa keke zai iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. Ka ɗaura gora a keke, ka riƙa kurɓa kafin ƙishirwa ta kama ka. In ka ga fitsarinka ya yi ja kuma kaɗan ne, jikinka na ƙarar ruwa ke nan. Ranar da ka yi gumi sosai, ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Da azumi kuma, tafiyar safe ba ta da matsala in an yi sahur mai kyau, ta yamma ce abin tsoro. Ko dai ka shiga mota a dawowa, ko ka riƙe dabino da ruwa ka sha a hanya in rana ta faɗi.

Akwai wani abu da ba zan ɓoye muku ba, jama'a. Wasu masu aikin ƙarfi sukan haɗiyi ƙwayoyi irin su tiramadol wai don kada su ji gajiya. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye gajiyar kawai take yi, ga ta da kama mutum, tana kuma iya sa shi jiri ko farfaɗiya. Ka ƙaddara wannan ya same ka a gefen titi, tirela na tafe a bayanka. Allah Ya kiyaye. Maganin gajiya abinci ne da barci.

To batun basir da mazakuta fa? Hawan keke ba ya haifar da basir, amma wanda yake da shi, zama a kan sirdi mai tauri zai iya tayar masa da shi. Game da ɗaya maganar kuwa, akwai jijiyoyi da hanyoyin jini da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in sirdi ya danne su na tsawon lokaci sai mutum ya ji wurin ya yi sanyi kamar ba a jikinsa yake ba. Laifin na sirdi ne, kuma yana da gyara. Ka sa sirdin ya kwanta daidai, kada hancinsa ya ɗaga sama. Ka nemi mai faɗin da ƙasusuwan mazaunanka za su zauna a kai. Kowane minti 10 ko 15 ka ɗan miƙe a kan feda jini ya zagaya. In duk da haka abin bai daina ba, sai ka ga likita.

Tsawon sirdi ma abin dubawa ne. Ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak, tsawon ya yi. In gwiwa ta lanƙwashe da yawa, sirdin ya yi ƙasa, kuma shi ne ke kawo ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ko ciwon sukari, ko sikila, ya fara zuwa asibiti a auna shi kafin ya ɗauki wannan hanya. Duk wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko idonsa na duhu, ya sauka nan take ya nemi inuwa da taimako.

Mu zo ga shi kansa keken. Abu na farko iska. Taya mai laushi tana cin ƙarfin mutum, kuma ta fi saurin yin faci, domin in ka faɗa rami bakin gargaren zai cije tub ɗin. Kowace safiya ka matsa tayar da babban yatsa, in ta lotsa ka ƙara mata iska. Kada ka bar gida ba tare da famfo, da sholisho, da ɗan guntun roba, da sifana ba, domin ƙayar tsidau ba ta san kana sauri ba, mai faci kuma ba a kowane ƙauye yake ba. Sarƙa tana son mai kaɗan, amma ka goge wanda ya yi yawa, don da hunturu ƙura kan manne a kai ta zama kamar dutsen niƙa. Ka kuma sani birkin keke mai gargaren ƙarfe ba ya kamawa sosai in ya jiƙe, saboda haka da damina ka fara taka shi tun daga nesa. Bakin wando ko na riga, a naɗe shi kada sarƙa ta kama.

'Yan kasuwa da manoma masu kai kayan gwari birni, ku ma ga naku. Ku raba kaya gida biyu, dama da hagu, ku sa mai nauyi a ƙasa. Kayan da aka tula can sama a kan kariya su ke sa keke rawa. Buhun hatsi mai kilo 100 ya yi wa keke yawa a doguwar tafiya: zai karya wayoyin ƙafar baya, birki kuma ba zai tsayar da ku a gangara ba.

Iska da rana su ma suna cikin lissafi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa. Kai da kake fitowa daga wajen Kura, kudu maso yamma da birni, da safe gaba da gaba za ku yi da ita, sai ka ƙara minti 15 ko 20 a kan lokacinka, ka kuma rufe hanci da baki saboda ƙura. Mutumin Gezawa kuwa ita za ta turo shi da safe, ya biya bashin da yamma. Da damina abin yakan juya. Haka nan wanda gidansa ke yamma da wurin aikinsa, rana na idonsa da safe, tana idonsa da yamma. Ka tuna direban da ke bayanka shi ma ranar na kashe masa ido, wataƙila bai gan ka ba.

Wannan ya kawo mu ga babban haɗari, wato titi. A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, motar bas ta ture shi cikin lambatu a Abuja yana kan kekensa. In minista bai tsira ba, ina ga ni da kai? Tun 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya, don haka ka bi gefen dama tare da motoci, kada ka tare su gaba da gaba. Kada ka kuskura ka shiga gefen tirela ko tifa a kwana ko a mahaɗa, domin akwai inda direba ba ya ganin ka ko ta madubi. Kada ka kama bayan mota don ta ja ka. Ka miƙa hannu kafin ka juya, ka kuma yi hattara da 'yan adaidaita sahu masu tsayawa ba zato. Tun da za ka riƙa tafiya da duku-duku ko bayan magariba, ka sa farar fitila a gaba, ja a baya, ka sa riga mai haske. Hular kwano ta masu keke, in ka samu, ta fi kuɗinta. In kuma akwai hanyar burji da ta kauce wa babban titi, gara ita ko da ta ɗan fi nisa. In da hali ku riƙa tafiya ku biyu ko uku, kun fi fitowa a idon direba, in ɗaya ya yi faci kuma ga mai taya shi.

Kilomita 20 tana bakin iyakar abin da mai aikin ƙarfi zai jure kullum. Wanda nasa nisan ya kai 30 ko fiye, shawarata ya raba tafiyar: ya hau keke zuwa bakin titi ko wani gari na tsakiya, ya ajiye shi wurin ɗan'uwa ko amintaccen mai shago, ya ƙarasa a mota. Ko rabin kuɗin mota ka tsirar, ai ka rage asara.

Da fatan malam mai tambaya ya gamsu. Ka gwada na wata guda, sa'an nan ka rubuto mana yadda ka ji jikinka da aljihunka, don sauran jama'a su ƙaru. Mai tambaya kan noma, ko kiwo, ko kasuwanci, ƙofa a buɗe take. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.