Haɗa Man Korar Sauro a Gida

Sauro na gano mutum ne ta iskar da yake fitarwa wajen numfashi da kuma warin guminsa. Man ƙamshi da ake tatsowa daga wasu tsirrai, irin su sitronela da kanumfari da ɗaɗɗoya, yana rufe wannan wari, sai sauro ya rasa inda zai sauka.

Ba a shafa shi tsagwaronsa, domin yana ƙona fata. Ana ɗiga kamar ɗigo 10 zuwa 15 cikin babban cokali biyu na man kwakwa ko narkakken man kaɗe, a juya sosai, a zuba a kwalba mai duhu, a ajiye nesa da rana. Wasu kan ƙara ɗan man darbejiya, wanda ba ya saurin bin iska, sai dai warinsa ba kowa ke jurewa ba. Ruwa bai dace da haɗin ba, tunda mai ba ya narkewa a cikinsa.

Kafin amfani, ana gwada kaɗan a cikin hannu, a jira kwana guda. A kiyaye ido da baki da miki, kada kuma a shafa wa jarirai.

Babban rauninsa shi ne saurin bin iska: kariyar sitronela ba ta cika kai awa biyu ba. Ya wadatar wa hirar yamma a tsakar gida idan ana sake shafawa. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro kuwa ya fi cizo cikin dare, lokacin da mutane ke barci, don haka gidan sauro mai magani ya zama dole, musamman ga yara ƙanana da masu juna biyu.