Hoton Mushtari da watanninta

Da dare, in sama ta yi garau, taurari sukan cika ta. Yawancinsu suna ƙyaftawa. Amma akwai waɗansu da haskensu ke tsaye, ba ya rawa. Waɗannan duniyoyi ne kamar tamu, suna kewaya rana. Ba su da hasken kansu, hasken rana ne ke haska su. Zara, wadda ake ce wa matar wata, ɗaya ce daga cikinsu. Babbarsu duka ita ce Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupitar. Faɗinta ya yi na duniyarmu sau 11.

A watan Janairu na 1610, wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Galile ya dubi Mushtari da madubin hangen nesa wanda ya haɗa da hannunsa. Sai ya ga ƴan ɗigo huɗu masu haske kusa da ita. Kowane dare suna sauya wuri. Ya gane watanni ne da ke kewaya ta. Na kusa, Iyo, yana gama zagaye cikin awa 42. Na nesa, Kalisto, sai ya yi kusan kwana 17. A zamanin babu kyamara, don haka Galile ya zana su a takarda. Yau an san Mushtari tana da watanni fiye da 90.

Yanzu akwai mutane da yawa da ke ɗaukar hoton Mushtari daga tsakar gidansu, don sha'awa kawai. Mutum yakan kafa madubinsa a fili da magariba, ya bar shi ya huce. Sannan ya ɗaura ƙaramar kyamara a wurin da ake sa ido.

Aikin yana da wuya biyu. Ta farko, duniyarmu tana juyawa, saboda haka Mushtari takan sulale ta fita daga madubin. Maganin wannan shi ne ƙaramin inji mai juya madubin a hankali, yana bin ta. Ta biyu, iskar sama ba ta zama wuri ɗaya. Takan sa hoto ya yi rawa, kamar abin da aka hango ta bisan murhu. Don haka ba a ɗaukar hoto guda. Akan ɗauki dubbai cikin minti biyu. Kwamfuta ta zaɓi masu kyau, ta ɗora su bisa juna, su zama hoto ɗaya mai tsabta. Nan ake ganin ratsin gizagizan Mushtari, har da inuwar wata bisa fuskarta.

Wannan sha'awa tana da amfani. Ranar 19 ga watan Yuli na 2009, wani mutumin Ostiraliya mai suna Anthony Wesley yana ɗaukar hoto a gidansa. Sai ya ga baƙin tabo a kudancin Mushtari, wanda babu shi a da. Nan da nan ya sanar da masana. Suka duba da manyan madubai na tsibirin Hawai, suka tabbata wani abu ne daga sarari ya faɗa mata. Shi ya riga kowa gani, domin ya san fuskar Mushtari sarai.

Abu ɗaya ne ba a yi ko da wasa: duban rana da madubin hangen nesa. Haskenta yana ƙona ido nan take, ya makantar da mutum.

Tambayoyi

1. Yaya ake bambanta duniya da tauraro?
2. Me Galile ya gani a 1610?
3. Don me ake ɗaukar hotuna dubbai?
4. Me ya sa ba a duban rana da madubi?