Gyaran Unguwa Daga Kwata Yake Farawa

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Yau lungu za mu shiga, inda mota ba ta kaiwa, mu duba halin da tsofaffin gidajenmu suke ciki, mu kuma tambayi wanda gyaransu ya rataya a wuyansa.

(Ƙarar ruwan sama)

Duk wanda ya taɓa kwana a tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Kano a watan Agusta ya san wannan ƙara ba ta barin mai iyali ya runtsa. Da hadari ya haɗo, uwargida za ta jera kwanuka da robobi a inda ɗaki yake yoyo, ta janye katifa, ta tattara yara gefe guda. Maigida kuwa sai ya ɗauki tocila ya fita duba gindin katanga, don ya san daga nan ajalin gida yake zuwa. Ruwan kwata da ya rasa hanya shi ne yake kwanciya a jikin bango, ya jiƙa tubali, ƙasar ta ruɓe ta riƙa zubowa kamar gari. Damina biyu ko uku, sai ka ga katanga ta yi ciki. Rannan da tsakar dare a ji rugum, a wayi gari maƙwabta suna salati suna tono da hannu.

Kakanninmu da suka gina Yakasai da Ƙoƙi da Madabo da Mandawari sun san wannan sarai. Kafin damina ana kiran magina su yi yaɓe, a shafe bango da makuba, a gyara indararo don ya cilla ruwan soro nesa da katanga. Ramin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa shi ne yake zama kududdufi, ya shanye ruwan unguwa. Mu ne muka cike kududdufan da shara, aka yanka filaye, aka kafa bulo a kai. Ruwa kuwa bai mance hanyarsa ba. Da ya zo ya tarar an tare masa gida, sai ya shiga na mutane.

Sannan ga maganar da ba a cika son tayarwa ba, wato gidan gado. Tsoho ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyar, ba a raba ba, su ma wasunsu sun rasu sun bar nasu. Masu hali a cikinsu sun yi gini a sababbin unguwanni sun tashi. Wa ya rage? Bazawara da marayunta, da tsohuwar da ba ta da wurin zuwa, da ɗan haya mai ɗaki ɗaya. Mai kuɗin gyara ba ya ciki, na ciki ba shi da kuɗin gyara, kuma ko ya samu yana tsoron ya zuba dukiyarsa a abin da gobe alƙali zai ce a sayar a raba.

To, aikin wa ne?

Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, da ma'aikaci zai shigo har tsakar gida ya leƙa randa da masai da makwarara. A 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau. Yau Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano tana da 44, kuma tsohon birni ya faɗa hannun uku daga ciki: Birni da Dala da Gwale. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai ginawa da kula da hanyoyin cikin gari da fitilunsu da magudanan ruwa, akwai kwashe shara da samar da banɗakunan jama'a, akwai raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Ku sake saurara, jama'a. Kwatar nan da take cin gindin katangarku, tsarin mulkin ƙasa ya ambace ta, ya kuma faɗi mai ita.

Gaskiya ne hannun ƙaramar hukuma a ɗaure yake ta wasu fuskoki. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Tsara birnin Kano aikin hukumar jiha ne, wato KNUPDA. Kuɗi kuma shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke biyowa, abin da ya isa sakatariya bai fi na albashi ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi ya fara yagewa. Idan kuɗin suka iso, me za a yi da su?

(Kiɗa kaɗan)

Hanya mafi sauƙi ita ce ta katafila, an kuma gwada ta a ƙasar nan. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ƙarƙashin Raji Rasaki ta ba mazauna Maroko wa'adin kwana bakwai, sannan ta baje unguwar a tsakiyar damina. Kimanin mutum 300,000 suka rasa matsuguni. Filin yau yana cikin mafi tsada a Legas, su kuwa mutanen suka watsu zuwa wasu unguwannin marasa galihu suka ƙara musu cunkoso. Ni dai ban ga gyara a nan ba, talauci aka kora daga inda ake ganinsa zuwa inda ba a gani.

Akwai wata hanyar, kuma don ita muka shirya wannan shiri. Mu je Jakarta, babban birnin Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. Yawancin talakawan birnin suna zaune ne a unguwannin da suke kira kampung: gidaje manne da juna, lunguna matsattsu, taɓo har idon sawu, ba famfo, ba magudana. Gwamnan birnin daga 1966 zuwa 1977, Ali Sadikin, tsohon hafsan sojan ruwa ne. Ya duba aljihun hukumarsa ya ga ko kusa ba zai iya rushe waɗannan unguwanni ya gina sababbi ba. Sai a 1969 ya ɓullo da shirin gyaran kampung, aka raɗa masa sunan Muhammad Husni Thamrin, wani ɗan kishin ƙasa haifaffen birnin.

Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne hukuma ba ta gina wa kowa gida ba. Abin da yake tsakanin gidaje ta kama, wanda mutum ɗaya ba zai iya yi shi kaɗai ba. Aka daɓe lunguna da kankare, aka ja kwata a gefensu har ta haɗu da babbar magudana. Aka kafa famfunan unguwa, aka gina wuraren wanka da wanki da bahaya na jama'a, aka sa wurin zuba shara, a wasu wuraren har da makarantar firamare da ɗakin shan magani. Inda lungu ya yi matsi, masu gida suka ja shingensu baya kaɗan aka samu hanya. Cikin shekara biyar na farko aikin ya taɓa sama da mutum miliyan ɗaya, a kan kuɗin da bai kai dala 20 ga kowane mutum ba. A 1974 Bankin Duniya ya shigo da rance, kafin 1979 masu amfana sun haura miliyan uku, a 1980 kuma shirin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine.

Gidajen fa? Masu su ne suka gyara abinsu. Mutumin da ya ga an daɓe ƙofar gidansa, ruwa ya daina kwanciya, ya kuma tabbata hukumar da ta kashe kuɗi a lungunsa ba za ta turo katafila gobe ba, sai ya fara tara bulo. Bana ya ɗaga daɓe, baɗi ya sauya rufi. A birnin Surabaya na can Indunusiya ma hukumar gari ta bi wannan hanya, har ta fi jawo jama'a ciki: ita ta ba da kayan aiki ko wani kaso na kuɗi, 'yan unguwa su kawo nasu kason da ƙarfinsu. Unguwar Kebalen ta can ta samu irin waccan lambar yabo a 1986.

Ba zan ɓoye muku inda suka yi tuntuɓe ba, don nan ne mu ma za mu iya faɗuwa. An yi aiki ba a tanadi mai kula da shi ba, kwatoci da yawa suka sake toshewa da shara. Ba a kuma ba mutane takardun mallaka ba, saboda haka da ƙasa ta yi daraja, wasu unguwannin da aka gyara sai aka saye su aka rushe, aka kafa dogayen benaye a gurbinsu.

(Hayaniyar lungu, muryoyin yara)

Mu dawo gida. Kano ba ta rasa tsari a takarda ba, tun tsarin birnin da aka zana don shekarun 1963 zuwa 1983. Abin da ta rasa shi ne wanda zai tsuguna a lungu da igiyar awo. Akwai lungunan da idan aka yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta fita. Akwai inda mai naƙuda sai an riƙo ta a kafaɗa har bakin titi don adaidaita sahu ba ya shiga. Gobara kuwa, 'yan kwana-kwana suna ganin hayaƙi, tiyo ba ya kaiwa. Gadar sama ba ta magance ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kuma muna da abin da ake buƙata don farawa. Muna da mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda suka san gidan wane da na wance, suka san katangar da ta tsage da wadda ta kusa. Muna da ƙungiyoyin samari masu aikin gayya da suke yashe kwata kafin damina ba tare da an biya su ba, sai dai ƙasar da suka kwaso takan zauna a bakin kwatar har ruwan farko ya mayar da ita, don babu motar da za ta ɗauke. Muna da magina da suka gaji tubali da azara. Shugaban ƙaramar hukuma zai iya zaɓar mazaɓa ɗaya tak, ya zauna da masu unguwanni a ƙirga gidajen da suke gab da faɗuwa, a fara da waɗanda marayu da tsofaffi suke ciki. A auna gangaren ruwa kafin a zuba siminti, don kwatar da ba ta da mafita tafki ce a ƙofar gida. A hana cike kududdufan da suka rage. A nemi alƙalai da malaman unguwa su taimaka a warware gidajen gado, ko a raba, ko magada su rubuta yarjejeniyar wanda zai gyara da yadda za a mayar masa da kuɗinsa. Inda ya zama dole a ci wani ɓangare na gida don buɗe hanya, a biya diyya kafin a taɓa bango, ba bayan an rushe ba. Kuma tun ranar da aka fara aiki a san wanda zai riƙa yashe kwatar da albashin da za a ba shi.

Ranka ya daɗe ciyaman, da ku kansiloli, lungun da kuka shiga neman ƙuri'a yana nan inda kuka bar shi. Ku koma ku duba shi kafin hadari ya haɗo. Ku kuma masu sauraro, ku haɗu da mai unguwarku ku rubuta sunan lungunku da adadin katangun da suka tsage, ku kai wa kansilanku hannu da hannu, ku riƙe kwafi, ku kuma koma ku tambaye shi inda aka kwana.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)